Ango Ya Tambaya: In Je 'Yankaba Cefane, Ko In Tsaya Wajen Mai Teburin Bakin Layi?

Wani matashi mazaunin Kano, wanda bai fi wata huɗu da aure ba, ya aiko da tambaya. Ya ce kullum wajen mai kayan miyan bakin layinsu yake cefane, kuɗi na zurarewa, abokansa kuma sun dame shi cewa ya riƙa zuwa babbar kasuwar kayan gwari ta 'Yankaba ko kasuwar ƙauye ya sayo da yawa a hannun manoma. Ya bi shawararsu sau ɗaya, ya ɗauko kwandon tumatir, kafin kwana huɗu rabinsa ya zama ruwa, amarya ta wuni tana tsince ruɓaɓɓe tana mita. Yanzu yana so ya ji: zuwa kasuwar ne ya fi, ko ya haƙura da na unguwa? Kuma ta yaya mutum yake gane sabon kaya?

Ango, Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Na yi shekaru ina aikin malamin gona a cikin masu noman rani na yankin Kura da Bunkure da Garun Malam, na ga tumatir tun yana iri a bedi har ranar da za a ɗaure kwandonsa a saman mota. Don haka bari in fara da kwandon nan naka, domin amsarka tana cikinsa.

Abokanka ba su yi maka ƙarya ba, rabin maganar kawai suka faɗa maka. Kasuwa ta fi araha, wannan ba musu. Abin da suka bari shi ne, kayan gwari tun daga ranar da aka tsinke shi yake fara mutuwa. Tumatir da alayyahu da mangwaro duk suna numfashi bayan an cire su, suna zubar da ruwan jikinsu, zafi kuma yana gaggauta abin. Duk kwandon da ka gani a kasuwa yana da sauran kwanaki ƙidayayyu, kuma waɗannan kwanakin ne kake biyan kuɗinsu. Ku biyu ne a gida, kai da amarya. Miyarku ba za ta cinye kwando a mako uku ba, shi kuwa kwandon da ka ɗauko wataƙila kwana biyar ya rage masa. Ba lalle an cuce ka ba. Kai ne ka sayi abin da ya fi ƙarfin tukunyarka.

Sai kuma maganar "hannun manomi". Kada ka ɗauka duk wanda ka gani tsaye kan kwando a 'Yankaba shi ya shuka. Yawanci manomi yana rabuwa da kayansa tun a gona ko a bakin titi. A lokacin tumatir, je ka Kwanar Gafan a kan hanyar Zariya ka ga yadda ake yi: manoma na sauke kwanduna, dillalai na shiga tsakani suna karɓar la'ada, fatake na loda manyan motoci zuwa Mile 12 ta Legas da sauran kasuwannin kudu. Abin da ya shigo birni ya riga ya bi hannu biyu ko uku. A 'Yankaba za ka samu 'yan sari da dillalai, daga wajensu mai teburin layinku yake sarowa da asuba, ya kasa muku kashi-kashi. Wato bambancin da ke tsakaninka da shi, shi ya yi sammako, ya biya ɗan dako da adaidaita sahu, kuma shi yake ɗaukar asarar wanda ya ruɓe. Ranar da ka sayo kwando, waɗannan ukun duka kai ka ɗauke su.

In manomin kake nema da gaske, kasuwar ƙauye ce wurinsa, ranar da take ci. Wudil Juma'a, Dambatta Lahadi, wasu ma sunansu ya isa ya gaya maka ranar, kamar Larabar Abasawa da Ladin Makole. Can za ka ga dattijo ya shimfiɗa buhu ya kasa kuɓewar da ya tsinka da safen nan, ko tsohuwa da ƙullin daddawa da kwanon kuka, ko Bafulatana da ƙwaryar kindirmo da man shanu. Kayansu ba shi da yawa, ba shi da tsari, wani ƙarami wani babba, amma da ƙyar ka samu wanda ya kwana biyu. Matsalar kawai kuɗin mota. Ba a tashi daga Hotoro a tafi Dambatta don kuɓewar miya ɗaya. Amma in hanya ta bi da kai, ko za ka je ganin gida, ka tafi da buhu da kuɗi a hannu, ƙananan canji, don tsohuwar nan ba ruwanta da tiransifa.

Kafin ka koyi duba kaya, fara koyon lokacinsa, domin wanda ya san lokaci ya gama rabin ciniki tun yana gida. Tumatirinmu ɗan sanyi ne. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da kewaye, noman rani ya zama shi ke ciyar da kasuwar tumatir. Ana dasawa bayan damina, ya yi girma cikin hunturu, ya cika kasuwa daga Janairu zuwa Maris. A wannan tsakanin ne yake yin arahar da manomi kan bar shi a gona saboda kuɗin tsinka da na mota sun fi abin da zai samu. Na sha ganin haka da idona, kuma ba abin daɗin gani ba ne. Da zafin bazara ya kankama sai fure ya riƙa zubewa, kaya ya ja baya, daga Mayu zuwa Yuli farashi ya yi sama, a koma jiran na damina da wanda ake kawowa daga Filato. Wani lokaci kuma annoba ce. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, gidaje da yawa suka koma na gwangwani da kauɗa, wato busasshen tumatir. Ba ta tafi ba har yau, tana dawowa duk lokacin da zafi ya yi yawa.

Albasa ita ma tana da nata zagayen. Ta rani, irin ta Aliero da Sakkwato da fadamun Kano da Jigawa, tana fitowa wajen Fabrairu zuwa Afrilu, ita ce busasshiya mai jure ajiya. Daga ƙarshen damina zuwa Disamba take tsada, lokacin da ta ajiya ta ƙare, sabuwa ba ta iso ba. Mangwaro na bazara ne. Ƙwan zabi da ɗanyar masara da rama da yakuwa da ɗanyar kuɓewa na damina ne. Sabuwar doya tana shigowa wajen Agusta da Satumba, tana da ruwa, ba ta kai tsohuwa daɗin sakwara ba. Karas da kabeji da latas sun fi kyau da sanyi. Abin da ka gani a kasuwa ba a lokacinsa ba, ko dai daga nesa ya zo, ko ya daɗe a ajiye, ko an tilasta masa nuna, kuma kowanne cikin ukun kai za ka biya.

Sa'ar zuwa ma tana da magana. Da sanyin safiya ake kama fara: tsakanin fitowar rana zuwa ƙarfe tara kaya yana sabo, zaɓi yana da yawa, amma mai kaya yana da ƙarfin gwiwa, ba ya sallamawa da wuri. Bayan la'asar farashi yana karyewa, don ba mai son kwana da ganye, sai dai kayan ya sha rana, an kuma tsince na kirki. Ni ga yadda nake yi: abin da zan ajiye, da safe nake saye. Abin da za a markaɗa a tafasa a daren nan, ba na jin kunyar sayensa da yamma a kan rabin kuɗi.

To, mu tsaya a gaban kwandon tumatir.

Abu na farko, saman kwando ba shaida ba ne. Ana yi masa fuska: manya, jajaye, masu sheƙi a sama, a tsakiya ƙanana, a ƙasa waɗanda nauyi ya matse. Wannan ɗabi'a ta daɗe. Hadisi ya zo cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tarin abinci, ya sa hannu ciki ya ji danshi, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Don haka sa hannu cikin kaya ba rashin kunya ba ne, haƙƙinka ne. Durƙusa ka dubi gindin kwandon tukuna. In ƙasan wurin ya jiƙe, ko sakar kwandon ta yi baƙi tana ɗigar ruwa, ko ƙananan ƙudajen nan na tsami suna zagaye shi, ka wuce, ko da samansa kamar a hoto yake. Kai hancinka kusa: sabon tumatir yana ƙamshin ganyensa, wanda ya kwana a matse yana tsami-tsami. Sannan ka ce a juye maka a buhu ko a wani kwandon. Mai kaya mai gaskiya zai juye ba tare da ɓata rai ba, wanda ya fara rantsuwa kafin ka zarge shi, ka san akwai magana.

Ɗauki guda a hannu. Ya kasance da nauyi daidai girmansa, da tauri amma ba kamar dutse ba, fatarsa a miƙe. Dubi wajen hancinsa, inda aka tsinke shi: in koren kambun yana nan bai bushe ba, bai fi kwana ɗaya ko biyu da barin gona ba. Nemi ƙananan huda kamar na allura kusa da hancin, alamar sharon ce, tsutsar tana ciki. Baƙin tabo a gindi kuwa ba cuta ba ce mai yaɗuwa, rashin daidaiton ban-ruwa ne, ana yanke wurin a ci sauran, sai dai ba a ajiye shi.

Iri ma yana da muhimmanci. Mai tauri mai tsoka, irin wanda 'yan kasuwa ke kira UTC, ruwansa kaɗan ne, yana jure tafiya, yana auki a miya. Masu taushi masu yawan ruwa da 'ya'ya sun fi araha, sun fi tsami, kuma in ka tafasa su sai ka ga tukunya ta koma rabi. Kwandon mai ruwa da aka ba ka da rangwame, a ƙarshe tururi ka saya. In kuma ka samu wanda aka zubo a kiret ɗin roba, wanda ke ɗaukar wajen kilo 25, ka fifita shi a kan na kwando, domin kiret kan hau kan kiret ne, kwando kuwa kan tumatirin ƙasa yake zama tun daga gona har kasuwa.

Ga wata dabara da matan gida suka fi mu sani: kada ka sayi jajaye zalla. Haɗa uku. Nunanne sosai na yau da gobe, mai ja-ja da sauran tauri na tsakiyar mako, da wanda ya fara juyawa daga kore na ƙarshen mako. A baza su a tire ko a kan buhu a inuwa inda iska ke wucewa, kada ɗaya ya hau ɗaya, kada a wanke sai za a yi amfani da shi. Wanda bai gama nuna ba kada a sa shi a firji, sanyi yana tsayar da nunarsa ya kashe ɗanɗanonsa. Kullum da safe a duba a cire wanda ya fara laushi, shi ke lalata na kusa da shi.

Na taɓa yin irin kuskurenka, kuma ni ba ni da uzuri tunda aikina ne. Wata shekara cikin Maris ina dawowa daga gona na ga kwando ana bayarwa kamar kyauta, na sayi biyu na cusa a bayan mota, na tsaya ɗaurin aure a hanya, motar tana rana tun hantsi har azahar. Da na iso gida aka buɗe but, ruwan tumatir ya bi ƙarƙashin taya ta safaya. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ai ka riga ka dafa, sai dai a kawo gishiri." Wata guda motar tana warin tsami.

Yi lissafi kafin ka fita. A ce, misali, kwando ya kama naira 20,000, ka biya dako da abin hawa 3,000, sannan kashi ɗaya cikin uku ya lalace. Abin da ya shiga tukunya kashi biyu ne cikin uku a kan 23,000, wato kamar ka sayi cikakken kwando a kan 34,500. A wannan farashin, da mai teburi ka tsaya da ka huta. Sayen sari yana biya ne ta hanya biyu kawai. Ko ku haɗu gida uku ko huɗu, kai da maƙwabta ko abokan aiki, mutum ɗaya ya je, a raba a ranar. Ko kuma a shirya aikin tun kafin kayan ya iso: a wanke, a haɗa da tattasai da attaruhu, a kai markaɗe, a tafasa har ruwan ya tsotse ya yi kauri, a ƙulla daidai miya ɗaya-ɗaya a sa a firiza. In wutar unguwarku ba abin dogaro ba ce, a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta a sama, ba a ƙasa ba, a rufa da yadi marar kauri saboda ƙura da ƙuda. Kauɗar da kuka yi da hannunku a Fabrairu ita za ta cece ku a Yuni, kuma ba yashi a cikinta irin ta bakin titi. Ka tambayi amarya tukuna ko ta shirya wa wannan aikin. Kada ka sauke mata kwando a tsakar gida ƙarfe biyar na yamma kana jiran a ce sannu da ƙoƙari.

Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya, wadda marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa har aka ba shi lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa ce a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafi. Da rani, lokacin da iska ke bushe, tana aiki sosai wajen tumatir da yalo da tattasai. Da damina ƙarfinta yana raguwa.

Attaruhu da tattasai, dubi hancinsu: kore mai tauri sabo ne, baƙi mai yauƙi ya kwana. Tattasai ka ɗan matsa shi, ya kasance yana da ƙarfi, ka fasa guda ɗaya, don yakan yi kyau a waje cikinsa ya yi baƙin fumfuna. Albasa kuwa a wuya ake kama ta. Danna babban yatsa a wuyanta, in ya shige ko ka ji danshi, ruɓa ta fara daga ciki. Ta kirki wuyanta siriri ne a bushe, ɓawonta yana ƙara in ka motsa buhun. Cikin duk kayan miya, albasar rani ce kaɗai zan ce maka ka sayi rabin buhu ba tare da fargaba ba, muddin za ka zazzage ta daga buhun ka baza a inuwa mai iska, nesa da dankalin Turawa, kuma ba a cikin leda ba. Shi dankalin, ka guji wanda ya yi kore ko ya fara tsiro, koren nan yana da ɗaci kuma yana da guba.

Ganye shi ne inda na fi son ka buɗe kunne. Alayyahu da latas da lawashi da zogale ba a sayensu na mako, na yini ɗaya ko biyu ne. Yayyafa musu ruwa da masu sayarwa ke yi yana sa su yi kyan gani, don haka kar ka dubi ganyen, dubi wajen yankan. Sabon yanka fari ne ko kore mai ruwa, tsohon yanka ya yi ruwan ƙasa ya motse. Warware ɗaurin ka ga tsakiya, can ake ɓoye wanda ya yi rawaya.

Amma abin da ya fi wannan shi ne ruwan da aka yi ban-ruwa da shi, kuma wannan ido ba ya gani. A cikin birni da gefensa akwai lambuna da ke shan ruwan kwatami, irin na Jakara da rafin Getsi da ke ɗauko ruwan masana'antun yankin Bompai. Ganyen irin waɗannan wurare yakan fi kowane girma da duhun kore, saboda ruwan cike yake da taki, amma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, wani lokaci har da guba irin ta ƙarfe. Wanki yana rage ƙwayoyin cuta, dahuwa tana kashe su, amma gubar da ta shiga jikin ganye ba ta wankuwa. Shi ya sa tambayar "na ina ne?" ta fi tambayar "nawa ne?" a wajen ganye. Mai sayarwa da ya san ka zai gaya maka gaskiya. Duk abin da za a ci ɗanye, latas da kabeji da karas da kokwamba, a wanke ganye-ganye da ruwa mai tsabta fiye da sau ɗaya, a jiƙa a ruwan gishiri ko khal, a sake ɗauraye shi. Da damina, lokacin da amai da gudawa ke yawo, ni gidana dafawa muke yi.

Haka maganin feshi. Kowane magani yana da kwanakin da ya kamata a jira tsakanin feshi da tsinka, a rubuce suke a jikin kwalba, kuma gaskiyar magana manomi da yawa ba ya jira in ya ji farashi ya tashi. Na yi ta faɗa da mutanena a kan haka. In ka ga fari-fari ko shuɗi-shuɗi kamar hoda a jikin tumatir ko tattasai, ko ka ji warin magani, bar shi. Kabejin da ƙwaro ya ɗan huda ganyen bayansa bai taɓa ba ni tsoro ba.

'Ya'yan itace a 'Yan Lemo ta Na'ibawa ake sauke su, lemo da mangwaro daga Binuwai, ayaba da abarba daga kudu. Tunda tafiyar doguwa ce, ɗanye ake tsinkowa, kuma wasu marasa tsoron Allah suna nunar da shi da kabaid, sinadarin nan na masu walda, wanda hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. Ga alama: ayaba ta yi rawaya tas kamar an yi mata fenti amma wuyan nononta kore shar, ba ƙamshi, ɓawo ya nuna ciki yana da bauri. Mangwaro kuwa waje rawaya, ciki tsami da tauri wajen ƙwallo, wani lokaci da ɗan toka-toka a fata. Wanda ya nuna don kansa launinsa ba ya zama bai-ɗaya, kuma hanci yana jin sa kafin baki. Mafita mai sauƙi: sayi ƙosasshe wanda bai nuna ba, ka sa a kwali tare da nunanniyar ayaba guda, cikin kwana biyu zuwa uku zai nuna. Kankana ka juya ta ka ga inda ta kwanta a ƙasa, in wurin ya yi rawaya ta ƙosa a gona, in fari ne an yi gaggawar cire ta.

Sauran in taƙaita maka. Wake, shinshina shi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, kuma irin wannan waken mu muke ci a gida. Wake cikin bazara da ba huda ko ɗaya, yana warin magani, ka tambayi yadda aka ajiye shi. Wanda aka ajiye a buhun nan mai leda biyu a ciki, ko a jarka a toshe, ba ya buƙatar magani. Nama da safe, a wajen mahauci ɗaya da ka sani, ja mai haske, in ka danna ya dawo. Kifi, ɗaga marfin kunnensa, ja ake so, ido kuma garau. Tarwaɗa ka saye ta tana motsi. Ƙwai a kwanon ruwa, mai kyau yana kwanciya a ƙasa, wanda ya taso a zubar. Madarar da aka tatso a tafasa ta kafin a sha.

Ciniki kuma, kar ka taya a rumfar farko. Zaga ka ji farashi wuri uku, ka tsaya kusa da matan da ke sayar da abinci ka ji nawa ake sallama musu, su ne suka san kasuwa. Yi sallama, ka gaisa, sannan ka tambaya. In an faɗa ka taya, in an ce albarka ka ƙara kaɗan ko ka yi gaba cikin mutunci. Kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye, kuma in an sallama maka ka biya. A wajen awo ka kalli kwanon da kansa, akwai wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gyara ana nema, ba a ƙwace. Sannan in ka je ƙauye ka samu tsohuwa da kashin yakuwa, don Allah kar ka tsaya ja-in-ja da ita a kan naira hamsin alhali ka biya dillali dubbai ba ka ce uffan ba.

Mafi amfani a duk wannan shi ne ka yi mutum. Zaɓi mai tumatir ɗaya, mai albasa ɗaya, mai ganye ɗaya, ka riƙa komawa. In kaya ya ba ka matsala ka gaya masa a hankali, ba a gaban mutane ba. Bayan zuwa huɗu ko biyar, shi da kansa zai ce maka, "Alhaji bar wannan, na jiya ne, ga wanda aka sauke yanzu." Har waya zai yi maka ranar da kaya ya karye.

Ga abin da zan ce ka yi a gidan mutum biyu. Albasa da busasshen barkono da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da wake, saye su da yawa a lokacinsu, daga babbar kasuwa ko ta ƙauye. Tumatir da tattasai da attaruhu, sau ɗaya a mako, bokiti ƙarami, a haɗa nunanne da mai sauran kwana. Kwando sai tsakanin Janairu da Maris, kuma sai kun haɗa kuɗi da maƙwabta ko amarya ta ce ta shirya tafasawa. Ganye da nama da kifi, ranar da za a ci. Mai teburin layinku kuma kar ka yanke hulɗa da shi, don ranar da baƙi suka faɗo muku bayan magariba ba 'Yankaba za ka tafi neman attaruhu ba, kuma shi kaɗai ne zai ba ka bashi zuwa ƙarshen wata. Zuwan farko da za ka yi nan gaba, ka tafi da amarya ko wata babbar mace a danginku, ka riƙe buhu, ka kalli inda take sa yatsa.